Lurwanu Magini da Bututun Gidan Ƙanwarsa

A Madina aka haifi Lurwanu, a wata unguwa mai matsattsun lunguna kusa da Harami, masallacin Annabi, wadda yanzu ko alamarta babu. Mahaifinsa mutumin Damagaram ne da ya taso aikin hajji a ƙafa tun yana saurayi, ya yi shekaru yana aikin auduga a Sudan kafin ya tsallako teku. Da ya iso bai sake maganar komawa ba. A hannunsa Lurwanu ya koyi gini, tun ana ɗora bango da baƙin dutse da laka, har siminti da bulo suka zo suka ture su.

Dogon mutum ne, marar yawan magana. In ya shiga gidan wani, kafin ya gama amsa gaisuwa idonsa ya riga ya zagaye kusurwoyin ɗakin. Matarsa Kaltuma takan ce ko walima aka gayyace shi, bango yake zuwa dubawa, shinkafar ƙari ce kawai.

Abokai ba su yi masa yawa ba, amma yana da amini guda, Adam. Bahaushen Chadi ne da ya zo Madina yana ɗaukar wa magina kwaɓaɓɓen siminti, a nan suka haɗu. Adam gajere ne mai fara'a, bakinsa ba ya hutawa, Hausarsa rabinta Larabcin Chadi ne. Bai daɗe a aikin gini ba ya koma wurin wani tsoho mutumin Bukhara ya koyi gashin tamis, faffaɗar gurasar nan da mutanen gari ke karyawa da ita da wake. Lurwanu ne da kansa ya ba shi auren ƙanwarsa Shafa'atu. 'Yan uwa sun yi ta ƙunƙuni, wai ga samari masu takardar ƙasa, sai a ɗauki yarinya a ba mai iƙama, takardar zaman baƙo kawai. Amsa ɗaya ya ba su.

"Na ga yadda yake aiki in ya zaci ba a kallonsa."

A farkon shekarun 1990, aikin faɗaɗa Harami ya cinye unguwarsu, jama'a suka watsu. Wasu suka nufi Al-Khalidiyya, su kuma suka yi arewa, gindin dutsen Uhudu. A can Lurwanu ya gina wa Shafa'atu gida: shago da tanderu a ƙasa, ɗakunan kwana a sama. Bututun hayaƙin tanderun ya bi ta cikin bangon ɗakin baya, ya ɓulla saman rufi, ya ɗaga har ya fi tsayin mutum. Da jan bulo ya yi shi, bai bar kowa ya sa masa hannu ba. Ya gina gidaje da yawa a rayuwarsa, amma in za su wuce da baƙo ta layin, wannan bututun kaɗai yake nunawa da haɓa.

Daga nan rayuwa ta zauna musu. Kullum in aka idar da sallar asuba, Lurwanu zai biya ta shagon, ya zauna a benci kusa da ƙofa. Adam zai jefo masa tamis mai zafi, ya tsiyaya masa shayi, ya shiga ba shi labarin unguwa yana aiki. Da itace yake gashi, da busassun rassan dabino da wani mai mota ke kawo masa daga Khaibar. An sha ba shi shawarar ya koma gas, ya ce gurasar gas ba ta da ƙamshi. Lurwanu dai nasa sauraro ne, in ya shanye shayinsa ya ɗauki jakar kayan aiki ya tafi.

Tari ya fara kama Adam a hankali. Da farko sai lokacin sanyi, daga baya ya zama ba rani ba damina. A watan Sha'aban na shekarar 2003 ya kwanta a ɗakin bayan nan, bai ga ƙarshen azumi ba. Aka yi masa salla a Harami, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Lurwanu na cikin waɗanda suka shiga kabarin suka karɓe shi. Ba wanda ya ga hawayensa. Amma tun daga ranar, in ya zo gaida ƙanwarsa da ke takaba, ta matakalar gefe yake hawa, kuma ko da wasa bai sake juya fuskarsa wajen ƙofar shagon ba.

Ana tsakiyar sanyi, bayan an ɗan yi ruwan sama, Shafa'atu ta aika ɗanta Zubair ya kira shi. Zubair direban bas ne mai kai masu ziyara Ƙuba da Uhudu, ya doshi talatin. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa. Ya ce wa kawunsa bangon ɗakin baya ya jiƙe, kuma mahaifiyarsa ba ta son baƙon ma'aikaci ya shigo mata gida tana takaba.

Lurwanu ya je ya tarar da jirwaye a bango, can sama kusa da rufi, faɗinsa kamar faranti. Fentin ya kumbura, gefensa ya yi wani farin gari kamar kanwa. Ya shafa, ya ji sanyi. Ya san abin da ke bayan wannan bangon, shi ya ɗora shi. Amma sai ya waiga wajen mukayyif ɗin da ke maƙale a taga, na'urar sanyaya ɗaki, ya ce ruwan na'urar ne ke bin bango.

"Yaya," in ji Shafa'atu, "tun da sanyi ya shigo ban kunna shi ba."

Lurwanu ya fita. Ya hau saman rufi, ya nufi tankin ruwa kai tsaye. Nan kuwa ya sami abin kamawa: ƙwallon da ke tsayar da ruwa in tanki ya cika ya lalace, duk sanda aka turo ruwa sai ya tumbatsa ya malala a ƙasa. Ya canza shi, ya sauko yana cewa an gama. Ya kankare fentin da ya kumbura, ya shafa sabo. Ɗakin ya yi fes.

Ba a jima ba aka sake ruwa, mai ƙarfi wannan karon, irin wanda ke sa yaran unguwa fitowa titi suna ihu. Da aka kwana biyu jirwayen ya huda sabon fenti ya fito. Yanzu ya kai faɗin tabarma, ya sauko har tsakiyar bango, launinsa ja-ja kamar an watsa shayi. Ɗakin ya ɗauki wani wari mai tsami, na tokar da ta jiƙe.

Lurwanu ya dawo ya tsaya yana kallo, hannayensa a baya. Ya soma maganar ko bututun ruwan banɗaki ne ya fashe a cikin bango. Shafa'atu na zaune a kan darduma da carbinta, ta bar shi ya kai ƙarshe.

"Matan unguwa sun ce bangon ne ke kukan Abu Zubair," ta ce. "Na ce musu bango ba ya kuka. Ni warin ne ke hana ni numfashi. Yaya, ka duba na'ura, ka duba tanki, yanzu kana zancen banɗaki. Wuri ɗaya ne ba ka duba ba, kuma ka san shi."

Ta sa hannu ƙarƙashin dardumar ta ɗauko makullin shagon, ta ajiye a gabansa.

Ya daɗe bai taɓa shi ba. Sannan ya sunkuya ya ɗauka.

Da hantsi ne, amma cikin shagon duhu. Ya ɗaga ƙofar ƙarfen rabi, haske ya shigo. Komai na nan yadda aka bar shi. Buhunan fulawa da ba kowa a cikinsu an ninke su a kusurwa, silifas ɗin Adam na gindin tanderu, ƙura ta rufe bencin. Lurwanu ya wuce su bai tsaya ba. A gindin bututun akwai wata 'yar ƙofar ƙarfe da ya yi don kwashe kunkunniya. Ya durƙusa da ƙyar, don gwiwarsa ta dama ta daɗe tana damunsa, ya ja ƙofar. Ta cije, ta yi tsatsa. Ya doke ta da guduma ta buɗe, sai baƙin taɓo ya zubo masa a kan hannu, mai sanyi, mai wari.

Ya kwanta rigingine a ƙasa ya cusa kansa ciki, ya haska tocila sama. Ya kamata ya hango sararin sama a can ƙarshe, ɗan fari kamar tafin hannu. Bai ga komai ba sai duhu. Jikin bulon duk ya jiƙe, yana ƙyalli.

Ya fito da kansa ya zauna a ƙasa, ya jingina da tanderun. Shekara goma sha wani abu bai taɓa iya jingina da wannan bango ba saboda zafi. Yau sanyinsa ya ratsa rigarsa ya shiga bayansa. A nan, shi kaɗai, kukan da bai yi a Baƙi'a ba ya zo masa. Bai hana shi ba. Da ya lafa, ya goge fuskarsa da gefen rawani, ya yi wa Adam addu'a, ya miƙe.

Da la'asar Zubair ya dawo daga aiki suka hau sama tare. Wannan karon Lurwanu ya je har jikin bututun. An rufe bakinsa da faifan siminti, an liƙe gefensa ruf.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, kawu," in ji Zubair da Larabci. Ya ce bayan rasuwa tattabaru sun riƙa faɗawa ciki suna fuffuka har su mutu, mahaifiyarsa na jin su ta bango. Shi ya sa ya toshe.

"Ka kyauta wa uwarka," Lurwanu ya ce. "Sai dai bututu yana son iska. In ka rufe sama ka rufe ƙasa, duk abin da ya shiga ba ya fita. Amma ba wannan ne ya kawo ruwan ba. Ɗauko tiyo."

Ya fasa murfin ya ajiye gefe. Ya sa Zubair ya zuba ruwa a kan rufi nesa da bututun, shi kuma ya sauka ƙasa ya leƙa. Ba komai. Ya dawo ya ce a jiƙa jikin bulon ta sama. Nan ma ba komai. Sai da aka kai ruwan gindin bututun, inda bulo ya haɗu da kankaren rufi, Lurwanu ya ga yana ɓacewa kamar ana zuƙe shi. Ya sa wuƙa ya kankare tsohuwar kwalta. A ƙarƙashinta tsaga ce ta zagaye gefe biyu, wuƙar ta shige har ƙota.

Tsagar ba sabuwa ba ce, bakinta ya yi baƙi, ya goge. Lurwanu ya zauna a kan dugadugansa ya yi wa Zubair bayani a hankali, kamar da kansa yake magana. Kullum wuta na dumama bulo ya buɗe, in ta mutu ya koma, kankare kuma yana nan inda yake, har suka rabu. Ruwa ya daɗe yana shiga, na sama da na tanki da na wankin rufi. Amma kowace asuba Adam na hura wuta, kafin hantsi ta busar da shi. Da wutar ta daina, ruwan ya zauna, ya jiƙa kunkunniyar shekaru, ita ce ta tsattsafo ta cikin bango da wannan launi da wannan wari.

Suka sauko ya faɗa wa Shafa'atu. Ya ce gyara iri biyu ne. Ko a fasa gindin a sake yi masa wuyan siminti, a naɗe da kwalta da algarara, a kafa masa hular ƙarfe mai barin iska, sannan a riƙa dubawa duk shekara. Ko kuma a sauke bututun gaba ɗaya har daidai rufi. Na biyun ya faɗe shi da sauri, ya koma kan na farko yana ta ƙara bayani, har da inda za a samo hular.

"Wanne ne ba zai sake dawowa ba?" ta tambaya.

Lurwanu bai iya ƙarya a kan gini ba. "Saukewar."

"To a sauke."

Ya ɗago ya dube ta. "Shafa'atu, ki bari ki fita takaba tukuna. Mutum ba ya yanke irin wannan da zafin rashi. Wata rana wani zai so ya hura tanderun."

"Ba a gidana ba," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Kai da safe kake zuwa, Yaya, ka sha shayi ka tafi. Ni nake jin tarin. Ni nake wanke abin da yake tofarwa, baƙi ƙirin. Ban taɓa hana shi ba, sana'arsa ce, da ita ya rufa mana asiri, Allah ya saka masa. Amma ba zan zauna ina jin wani ɗan mutane yana tari a ƙarƙashina ba."

Zubair ya sunkuyar da kai. Lurwanu bai taɓa sanin haka abin ya kai ba. Adam bai taɓa tari mai tsawo a gabansa ba, in ya taso masa sai ya shige ciki wai zai ɗauko fulawa.

"Shi ke nan," ya ce. "Amma ni zan sauke shi."

Zubair ya ce zai kawo ma'aikata biyu da babbar guduma, kafin azahar sun gama. Lurwanu ya ce ba za a doki wannan bututun da babbar guduma ba. Kaltuma ma ta yi faɗa a gida, ta ce mai gwiwa irin tasa ba shi da abin yi a kan tsani. Ya saurare ta har ta gaji, washegari ya ɗauki jakarsa.

Bulo ɗaya-ɗaya ya riƙa cirewa, daga sama. Ya sa ƙarfe a tsakanin layi ya buga a hankali, bulon ya saki, ya kankare masa siminti, ya jera a gefe. Aikin yini ɗaya ya ɗauke shi fiye da mako, don daga ya yi kaɗan sai ya zauna ya miƙe ƙafa. Daga inda yake yana hango motocin masu ziyara suna sauke jama'a a filin shahidan Uhudu. Maƙwabta na wucewa ta ƙasa su ɗaga kai su ce, "Allah ya ba da lafiya, ya mu'allim," ya ɗaga musu hannu.

Da ya iso daidai rufi, sai ya ɗaure burushin ƙarfe a igiya ya goge cikin ramin tun daga sama har ƙasa, suka kwashe kunkunniya buhu-buhu. Ya fasa kankaren da ya ruɓe a gefen ramin, ya zuba sabo, ya ɗan tudunta shi yadda ruwa zai gangara waje. Bai toshe ruf ba. Ya bar ɗan siririn bututun roba mai lanƙwasasshen baki a tsakiya, ya cire 'yar ƙofar ƙasa ya sa raga a madadinta, don iska ta riƙa ratsawa. Da simintin ya kama, ya shafa kwalta mai zafi, ya shimfiɗa algarara, ya ƙara wata kwaltar. Jan bulon da ya cire kuma ya gina wa tanki gindi da shi, ya ɗaga shi daga ƙasa, ya ja masa bututun rarar ruwa har magudana.

A ɗakin baya ya sassare shafen bangon duka har bulo ya fito tsirara. Shafa'atu, wadda ta riga ta fita takaba, ta ce ya shafe ya huta. Ya ce a'a, gaggawar fenti ce ta ba shi kunya a karon farko, sai bangon ya sha zafin bazara tukuna. Haka ta zauna watanni da bango a kware, taga a buɗe. Farin garin nan ya yi ta fitowa, shi kuma yana zuwa yana sharewa da burushi, har ya daina. Sai da dabino ya nuna aka gama girbi sannan ya kwaɓa siminti da maganin hana laima ya shafe, ya bari ya bushe, ya yi fenti.

Ruwan farko na sanyin da ya biyo baya da yamma ya sauko. Lurwanu na gida, gwiwar ta kumbura har ba ya iya zuwa masallaci sai da sanda. Washegari ya sa aka tsayar masa da tasi. Ya hau matakalar yana hutawa, ya shiga ɗakin baya, ya ɗora tafin hannunsa a bango, sama da ƙasa. A bushe yake. Ya koma bayan kwana biyu, ya sake komawa bayan mako, don laima ba ta saurin nuna kanta. Shafa'atu ta ce in dai bango ne ke kawo shi, to Allah ya ƙaro ruwa.

Wannan ne aikinsa na ƙarshe a saman rufi. An fasa tanderun, aka ba wani tela ɗan Sudan shagon. Lurwanu ya koma zama a ƙofar wani shagon kayan gini a bakin titi, inda matasan magina ke zuwa su kwatanta masa matsala da baki, shi kuma ya yi ta yi musu tambayoyi har su gano da kansu inda ya kamata su duba. Idonsa ya yi rauni daga baya, zaman ma ya gagara.

Ya rasu a shekarar 2007, ranar wata Alhamis da rana, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ya bar Kaltuma da 'ya'ya mata uku da jikoki. Da aka ɗauko shi za a kai Harami, magina da leburori suka ajiye aiki suka biyo, wasu da siminti a ƙafafunsu, har motocin da aka tanada suka kasa ɗaukarsu. Sauran suka tafi a bayan wata motar yashi.